Murhun gasa alade sukutum: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba

Baba zai cika shekara 80 a ƙarshen Disamba, kuma an tsayar da magana kowa zai zo gida, na Kaduna da na Jos da na Abuja, har ƙanwata da ke aure a Legas. Da muke rabon aiki ta waya, wannan ya ɗauki shinkafa, wancan rumfa da kujeru. Ni kuwa bakina ya ja mini. Na ce zan gasa alade guda sukutum, ba gunduwa-gunduwa a tukunya kamar yadda muka saba ba. Ina ajiye waya uwargida ta ce, "To maigida, a kan risho za ka ɗora shi?"

Tun ranar nake kallon bidiyo a intanet. Na ga hanya uku. Mutanen Filifin suna soke aladen da doguwar gora, su yi ta juya shi a gefen garwashi na awanni. 'Yan Kuba suna da akwatin katako mai ƙarfe a ciki, suna kiransa akwatin 'yan Sin. A shimfiɗa aladen a ciki, a rufe, a zuba garwashi a saman murfin, zafi ya sauko masa daga sama. A Karolina ta Arewa, can Amurka, jera bulo kawai suke yi kamar ƙaramin ɗaki marar rufi, su ɗora raga, su baje dabbar a kai, su rufe da ƙarfe.

Juyi na awa shida ba ni da masu yinsa, domin yaran da zan dogara da su suna jin kiɗa za su gudu. Akwatin Kuba yana son kafinta da maƙeri a lokaci ɗaya. Na yanke shawarar duro, tunda shi na saba gani wurin masu gasa kifi.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na samo duro mai cin lita 200 wanda aka ɗauko man girki a ciki. Na ƙi wasu biyu masu araha saboda mai sayarwa bai iya faɗa mini abin da suka taɓa ɗauka ba, ɗaya ma har yanzu warin magani yake yi.

Na kawo shi gida ina murna, na ɗauko tef. Tsawonsa santimita 88, faɗinsa 58. Aladen da zai ciyar da mutanen da nake tsammani, idan aka baje shi, ya wuce mita guda a tsayi. Wato na sayi riga kafin in auna mai sa ta. Uwargida ba ta ce komai ba, shirun nata ya fi magana ciwo.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mai walda ya ce a haɗa duro biyu baki da baki. Da ya faɗi kuɗin aikin, da kuɗin man janareta tunda wutar lantarki sai ta ga dama, na ce masa zan dawo. Na koma kan tsarin bulo.

Ga lissafin. Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa 22 da rabi. Huɗu a kowane dogon gefe, biyu a kowane gajeren gefe, sha biyu ke nan a layi ɗaya. Cikin zai ba ni mita 1.35 a tsayi da santimita 90 a faɗi. Layi huɗu, bulo 48. Na sa a kawo 50. Raga za ta zauna a kan layi na biyu, sauran layi biyun su kewaye naman, murfi a sama. Ba zan sa siminti ba, don in iya gyara duk abin da na yi ba daidai ba.

Wurin da zan kafa shi ya fi lissafin ba ni aiki. Katangarmu ɗaya da Malam, mai tsire ne, shekara goma sha muna maƙwabtaka, kuma ba zan so hayaƙin alade ya wuni yana shiga gidansa ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, gidansa kuma yana gabas da namu, don haka idan na kafa murhun a kusurwar yamma kusa da gonar rogo, hayaƙi zai bi gona. Na je na same shi a rumfarsa bayan la'asar na faɗa masa abin da nake shiryawa, don kada ya ji a bakin yara. Ya yi dariya ya ce, "Kai da namanka, ni da nawa. Amma wuta ɗaya ce, idan ta gagare ka ka kira ni."

Laraba, 13 ga Nuwamba

An kawo bulo, ɗanye shakaf, jiya aka buga shi. Na jera shi a rana. Bulo mai ruwa a ciki idan ya ji wuta tsagewa yake yi, wani lokaci ya yi tsartuwa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Bayan sujada Baba ya sa aka kawo masa kujera inda na share fili. Ya daɗe yana kallon bulon, ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa, ya ce wannan yashi ne da ɗan siminti, wuta biyu zai sha ya zama gari. Ya ce in yaɓe cikin da laka, kamar yadda ake yi wa rumbu. Na ce lakar bayan gida tana nan. Ya girgiza kai. Ƙasar suri zan nemo, in ji shi, in jiƙa ta, in cakuɗa da karan acca da aka sussuke, in tattaka da ƙafa, in bar ta ta kwana uku ana yayyafa mata ruwa kafin ta taɓa bango.

Na yi mako biyu ina kallon Turawa da 'yan Filifin, ban taɓa tunanin tambayar mutumin da ya gina rumbunan gidanmu da hannunsa ba. Ya fi awa guda yana bayani, har da labarin rumbun da ya rushe masa yana saurayi saboda ya yi gaggawar ɗora layi a kan layin da bai sha iska ba. Rabon da in ji shi ya yi doguwar magana haka tun rasuwar Mama.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An jera bulo, layi huɗu. A layin ƙasa na bar ƙofa biyu, ɗaya a kowane gajeren gefe, bulo guda da zan iya jawowa in tura shebur ɗin garwashi in mayar. Na cika ramukan bulon da yashi don su riƙe zafi. Ƙasan murhun na zuba yashi mai kaurin yatsu huɗu.

Yaɓen ya ci mana yini guda ni da ɗan yayana. Kaurinsa kamar santimita 5. Baba na zaune yana gyara mu da sanda.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Yaɓe ya tsattsage. Laifina ne, Baba ya ce in rufe shi da buhu mai laima, na manta, iskar hunturu ta busar da fuskar cikin dare ɗaya alhali cikinsa ɗanye ne. Na cike tsagun da sauran lakar, na rufe.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Rigima da mai walda. Na ba shi aikin raga biyu iri ɗaya, kowacce da firam na angul da rodi mai milimita 12 a jere, da hannaye huɗu masu fitowa waje. Biyu nake so don in sa aladen a tsakani kamar ƙosai a cikin burodi, in ɗaure da waya, ranar juyawa a kife su gaba ɗaya. Naman da ya yi awa shida a wuta ba ya ɗaukuwa da hannu, zubewa yake yi.

Na je na tarar ya shimfiɗa wa ta farko wayar shinge mai ƙyalli, wai ta fi kyau kuma ba ta tsatsa. Abin da ke hana ta tsatsa shi ne tutiyar da aka shafa mata, irin ta kwanon rufi, kuma idan ta ji wuta sosai hayaƙi take fitarwa mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Su kansu masu walda sun san wannan idan suna ƙona farin bututu. Na ce, "Oga, kai za ka ci naman da aka gasa a kan wannan?" Ya ce masu kifi ai da ita suke yi. Na ce masu kifi ba su gayyaci dattijo mai shekara 80 ba. Ya cire yana gunaguni. Murfi ma baƙin falan ƙarfe na sa ya yanka, ba kwano ba, da ƙaramin rami a tsakiya inda zan zura ma'aunin zafi.

Duron nan da na yi asararsa ya sami aiki. An cire masa kai, an huda shi an zura rodi huɗu a gicciye kamar taku biyu daga ƙasa, an yanka ƙofa a gindinsa. Itace zai ci a sama, garwashi ya zubo ƙasa, in kwasa da shebur. Wannan dabarar mutanen Karolina ce, kuma ta burge ni, domin ɗanyen harshen wuta ba zai taɓa shiga murhun ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Gwaji. Na ce tun alade bai taɓa ragar ba, bari mu gwada da bunsuru, kowa a unguwa ya ci. Malam ne ya yanka ya feɗe.

Na ƙona ragar da wuta mai ƙarfi, na goge ta da man gyaɗa, sannan na kwaso garwashi na baje shi ko'ina a ƙasan murhun, kamar mai shanya masara. Na ɗora bunsuru na rufe. Ba a yi minti ashirin ba ma'auni ya haura digiri 200 na Salshiyas, kitse ya fara ɗiga, wuta ta tashi. Na buɗe murfi don in gani, iska ta shiga, ta ƙara tashi. Haƙarƙari ya yi baƙi, cinya kuwa jini ne a ciki.

Malam yana tsaye hannu a baya. Sai da na gama rawar kaina ya ce, "Ka taɓa ganin na ɗora tsire a kan wuta?" Na tsaya. Gaskiya ban taɓa gani ba. A tukubarsa wutar tana tsakiya, tsinken tsiren a kafe suke kewaye da ita, zafi ne ke zuwa musu daga gefe, kitse ya ɗiga a toka ba a garwashi ba. Ya ce a Yamai da babbar Sallah haka ake yi wa raguna sukutum, a baje su a jikin sanduna, a jingina su kewaye da wuta, su wuni suna nuna a hankali.

Ya karɓi shebur ya kwashe fiye da rabin garwashin. Sauran ya raba shi tsibi huɗu, ya tura kowanne kusurwa, inda kafaɗa da cinya suke, ya bar tsakiya fayau. Ya ce haƙarƙari siriri ne, zafin da ya kewayo ya ishe shi. Ya sa na kawo tsohon faranti mai faɗi aka ajiye a tsakiya da ɗan ruwa don ya tari kitse. Ya tura bulon ƙofa har ya rage tsaga kamar yatsu biyu. Ma'auni ya sauko 120 ya zauna, kamar an ɗaure shi.

Ya ƙi ma kallon ma'aunin. Tafin hannu yake ɗorawa kusa da murfi ya ce ƙara shebur ɗaya, ko ya ce bari tukuna. Na riƙa duba allurar a ɓoye, ban kama shi da kuskure ba ko sau ɗaya.

Bunsurun ya nuna cikin awa uku da ɗan kai. Aka yanke ƙonannen wurin aka ba karnuka, sauran ko ƙashi bai kwana ba. Yaɓen Baba ya ƙone ya yi ja kamar tukunya, ko tsaga ɗaya bai ƙara ba.

Talata, 10 ga Disamba

Gawayi buhu biyu, na ƙirya, irin wanda maƙera ke so saboda yana daɗewa bai zama toka ba. Itace kuma busasshen mangwaro da muka sare bara.

Citta ce ta ba ni mamaki. Mu da muke tsakiyar ƙasar citta, Kachia da Kwoi suna nan kusa, amma tun cutar da ta cinye gonaki a 2023 kuɗinta ya zama abin da ya zama. Kawu ya ba ni 'yar kaɗan daga wadda ya ɓoye don iri, yana ba ni yana ƙirga ta da ido.

Alhamis, 19 ga Disamba

Kasuwar aladu ta Katsit, nan gefen Kafanchan, ranar Alhamis take ci. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ji ta kafin ya gan ta. Fatake daga kudu suna cika manyan motoci, kuma mako guda kafin Kirsimeti kowa da kuɗi a hannu, dillalai sai yauƙi suke yi. Na tafi da Kawu don shi ya yi kiwo shekara da shekaru.

Sharuɗɗansa biyu. Na farko, tamace matashiya ko namijin da aka dandaƙe tun yana ƙarami, domin ƙaton namiji da ba a dandaƙe ba namansa yana da wani ƙarni da yaji ba ya kashewa. Na biyu, sai an duba harshe. Aka kayar da wanda muka zaɓa, aka sa masa sanda a baki, Kawu ya jawo harshen da tsumma yana shafa ƙarƙashinsa da yatsa. Abin da yake nema ƙuraje ne farare kamar ƙwayar shinkafa, 'ya'yan tsutsar nan mai faɗi da ke shiga tsokar aladen da ake saki yana yawo yana cin ƙazanta. Mutum ya ci irin wannan nama bai nuna ba, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta kuma idan ya bi hannu ko ruwa ya shiga cikin wani yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Harshe mai tsabta ba ya nufin an tsira ɗari bisa ɗari, shi ya sa na yi magana da ma'aikacin dabbobi zai zo ya duba naman bayan yanka.

Na farko da muka taya Kawu ya saki harshen ya miƙe bai ce uffan ba, ya ja hannuna muka wuce. Na uku muka saya, tamace. A-kori-kura ta kawo ta gida. A sikelin buhun citta ta yi kilo 41.

Juma'a, 27 ga Disamba

Gida ya cika, ba wurin taka ƙafa. An yanka da yamma can bayan gona. Samari suka so babbaka, na hana, don fatar nake so ta fito fes. Ruwan zafi muka zuba, wanda bai kai tafasa ba, muka kankare gashin da wuƙa. Ma'aikacin dabbobi ya tsaga kunci da zuciya da kafaɗa ya duba, ya ce lafiya lau. Bayan an cire kayan ciki ta koma kilo 30.

Kawu ya sara ƙashin baya ta ciki da adda, a hankali don kada ya huda fata, har ta baje kamar littafi. Uwargida da matan gida suka daka citta da tafarnuwa da masoro da kimba da kanumfari da barkono, aka kwaɓa da ruwan lemun tsami da gishiri, aka cusa a duk inda wuƙa ta shiga ta ɓangaren nama. Fata gishiri kawai, bayan an goge ta ta bushe. Babu firjin da zai ɗauke ta, sanyin hunturu kuma ba abin dogaro ba ne, don haka ƙanƙara na sayo a leda muka jera mata a ciki da kewaye, muka rufe a ɗakin ajiya.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙarfe uku na dare na kunna duro. Sanyi kamar zai cire kunne. Huɗu da rabi muka ɗora, fata a sama, garwashi a kusurwa huɗu, faranti a tsakiya. Duk bayan minti arba'in shebur ɗaya a kowace kusurwa. Abin da ya fi wuya shi ne hana mutane ɗaga murfi. Kowane baƙo ya farka sai ya zo leƙe, kuma duk leƙe ɗaya zafin minti goma sha biyar ne ya tafi. Daga ƙarshe na ɗora bulo biyu a kan murfin na zauna kusa da sanda.

Wajen ƙarfe shida, bayan ya dawo daga masallaci, Malam ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Ina kwana, yaya wutar?" Na ce tana 115. Ya ce shi bai san wannan ba, hayaƙin wane launi ne? Na ce siriri ne, shuɗi-shuɗi. Ya ce to a bar ta haka. Shi ma yana da aiki a gabansa, rago ne muka ba shi ya gasa a tukubarsa don baƙinmu Musulmi, da tukwane da faranti daban.

Goma da rabi muka juya. Mutum huɗu, raga ta biyu a sama, waya a kusurwoyi, ɗaya biyu uku. Ya tafi daidai, sai dai ƙafar baya ɗaya ta ɓalle ta rataya. Yanzu fata tana ƙasa ta zama kamar kwano, kitse na taruwa a ciki yana tafasa, uwargida tana ɗiba da ludayi tana shafe naman.

Saura kaɗan in ɓata komai da hannuna. Na ga lokaci na tafiya, masu sujadar godiya sun kusa dawowa, na zuba shebur biyu-biyu don fata ta yi ƙaras-ƙaras. Ta wurin ƙafar da ta ɓalle kitse ya tsiyaya kai tsaye kan garwashi. Wuta ta fito ta gefen murfi. Wani ƙanina ya rugo da bokitin ruwa, na daka masa tsawa, domin ruwa a kan kitse mai ci watsa wutar yake yi. Na tura bulon ƙofofin biyu na toshe, na danne murfi. Cikin minti biyu ta mutu don rashin iska. Fatar cinyar hagu ta tafi, baƙa ƙirin.

Ƙarfe ɗaya saura kwata na soka ma'auni a kafaɗa, nesa da ƙashi: 89. Cinya 86. Digiri 63 ya isa a ce naman alade ya nuna, amma a nan bai saki ƙashi ba tukuna, sai ya doshi 90 jijiyoyin ke narkewa. Muka sauke muka rufe da ganyen ayaba na rabin awa. Awa takwas da kwata ke nan a wuta, gawayi buhu ɗaya da rabi, itacen mangwaro kusan duka.

Baba aka fara kai wa. Haƙoransa sun yi saura kaɗan, na zaɓo masa naman kunci, wanda cokali ma yana yanka shi. Ya ci, ya ƙara, sannan ya sa jikansa ya riƙe masa hannu har wurin murhun. Bai kalli aladen ba. Ya sunkuya ya ƙwanƙwasa yaɓen da sanda, ya ji ƙararsa, ya ce kusurwar arewa ba mu tattaka lakarta sosai ba.

Litinin, 30 ga Disamba

Na kwashe toka. Baba ya yi gaskiya, kusurwar arewa ta ɓamɓare kamar tafin hannu, bulo biyu a bayanta sun tsage. Biyun da suka yi saura a cikin hamsin ɗin za su maye gurbinsu. Rodi biyu na tsakiyar raga sun lanƙwashe, sai an ƙara musu angul a gicciye, kuma hannayen suna son katako don tsumma bai hana su ƙona mu ba. Zan kuma nemi faranti mai tsawo wanda zai kai har ƙarƙashin ƙafafu.

Kawu ya zo da safe wai ɗansa zai yi aure a Fabrairu, a ba shi aron murhu. Na ce ya zo ya ɗauka in zai iya. Ya zagaya shi sau biyu, ya tambayi bulo nawa ne, ya ce in rubuta masa awon a takarda. Jibi za mu Kagoro kallon Afan, bikin gargajiyar mutanen garin na shekara-shekara, a hanya zan nuna masa surin da muka ɗebo ƙasa.